Kauce wa Kuskuren Suna da Lamba Wajen Rajistar Jinginar Kaya

Gabatarwa

A da, duk wanda ya je banki neman rance, abin da ake fara tambayarsa shi ne takardar mallakar fili ko ta gida. Mafi yawan mazauna karkara kuwa ba su da irin wannan takarda, domin gonakinsu na gado ne, dukiyarsu kuma tana cikin dabbobi da hatsi da injina da kayan sana'a. Domin a buɗe wa irin waɗannan mutane ƙofar samun jari ne Babban Bankin Nijeriya, da taimakon hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya, ya kafa Rajistar Jingina ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a watan Mayu na shekarar 2016. A ranar 30 ga Mayu, 2017, Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu a kan dokar jinginar kadarorin da ake iya ɗagawa, wadda ta ba wannan rajista cikakken gindin zama.

Amfanin rajistar ya dogara ne a kan abu ɗaya, wato a iya gano mutumin da ya ba da jingina idan an neme shi a cikinta. Idan aka shigar da suna ko lamba ba daidai ba, za a iya wayar gari a tarar da jinginar da aka yi ba ta da ƙarfi a gaban doka. An shirya wannan bayani ne domin manoma da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i, da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni, jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, su san inda kuskure ke fitowa da yadda za a magance shi tun kafin ya zama rigima.

Yadda rajistar take aiki

Rajistar Jingina ta Ƙasa kundi ne da ke kan intanet, a ƙarƙashin kulawar Babban Banki. Idan mutum ya karɓi rance ya jinginar da kayansa, mai ba da rancen, ko babban banki ne na kasuwanci ko ƙaramin bankin al'umma, ko mai karɓar kuɗin ruwa ne ko wanda ba ya karɓa, yakan shigar da sanarwa a wannan kundi cewa yana da haƙƙi a kan kaya kaza na wane. Kayan sukan ci gaba da zama a hannun mai su yana aiki da su. Daga cikin abubuwan da ake iya jinginarwa akwai shanu da tumaki da awaki, amfanin gona, tarakta, injin ban ruwa, injin niƙa, injin casar shinkafa, keken ɗinki, babur, mota, hajar kanti, har da kuɗin da mutum yake bin wasu. Fili da gida ba su cikin wannan tsari, haka nan jiragen ruwa da na sama, saboda kowannensu yana da tasa dokar.

Ba a shigar da sanarwar sai da amincewar mai kayan. A cikinta ana rubuta lambar shaidarsa da sunansa da adireshinsa, da sunan mai ba da rance, da bayanin kayan da aka jinginar, da iyakar kuɗin da jinginar ta tsaya wa, da kuma tsawon lokacin da rajistar za ta yi aiki. Da zarar an kammala, na'ura takan fitar da takardar tabbaci mai ɗauke da rana da lokacin da aka yi rajistar.

Wannan rana da wannan lokaci suna da muhimmanci ƙwarai. Idan masu bin bashi biyu suka haɗu a kan kaya ɗaya, wanda ya riga yin rajista shi ke da fifiko. Hausawa na cewa wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. To amma rajistar da aka yi da kuskuren da ya hana a gano ta, tamkar ba a yi ta ba ne, don haka wanda ya zo daga baya ya yi tasa daidai zai sha gaban na farko.

Matsayin lamba da na suna a dokar 2017

A tsarin Nijeriya, ba da suna ake bincike a rajistar ba. Ana bincike ne da lambar shaida ta mai jingina, ko kuma da lambar jikin kayan da aka jinginar. Ga mutum ɗaya, dokar ta ce a yi amfani da lambar da ta samo asali daga ɗaukar hoton yatsu da fuska, a aikace kuwa lambar BVN ce ake amfani da ita. Babban Banki da kwamitin bankuna ne suka ƙaddamar da BVN a ranar 14 ga Fabrairu, 2014, kuma kowane mutum lamba ɗaya tak ya kamata ya mallaka, komai yawan asusunsa. Ga kamfani ko ƙungiya kuwa, lambar rajistarsu ce ake shigarwa.

Dokar ta raba kurakurai gida biyu. Kuskure a lambar shaidar mai jingina, ko a lambar jikin kaya, wanda ya sa bincike bai fito da rajistar ba, yana rushe ƙarfin rajistar a kan wannan mutum ko wannan kaya. Kuskure a rubutun suna ko adireshi shi kaɗai, alhali lambar tana daidai, bai kai wannan nauyi ba. Sai dai kada wannan ya sa a yi sakaci da suna, domin da suna ne jami'in banki yake tabbatar da cewa lambar da ke gabansa ta mutumin da ke zaune a gabansa ce. Inda sunaye suka saɓa tsakanin takardu, a nan ne ake ɗaukar lambar wani a liƙa wa wani. Har ila yau, idan magana ta kai gaban alƙali, takardar yarjejeniya mai suna daban da takardar rajista mai suna daban sukan ba mai neman zillewa hujjar jayayya, shari'a ta yi ta tsawo.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Ƙasashen da suka riga mu kafa irin wannan rajista sun ga illar ƙaramin kuskure, kuma akwai darasi a cikin abin da kotunansu suka yanke.

A Amurka, inda da suna ake bincike, wani mutum a jihar Kansas ya sayi tarakta bashi a shekarar 1998 daga wani kamfanin sayar da kayan noma. Wajen rubuta sunansa na farko sai aka tsallake harafi ɗaya, aka kuma yi rajista a haka. A 1999 wani banki ya ba shi rance, ya karɓi jinginar kayan aikinsa, ya yi rajista da sunan daidai. Da mutumin ya samu karayar arziki a 2002, sai rigima ta tashi a kan taraktar. A shekarar 2006 Kotun Ƙoli ta jihar ta yanke cewa tunda binciken da aka yi da sunan gaskiya bai fito da rajistar farko ba, bankin da ya zo daga baya shi ke da fifiko. Irin waɗannan shari'o'i ne suka sa aka yi wa dokar gyara a 2010, gyaran ya fara aiki a watan Yuli na 2013, inda mafi yawan jihohin ƙasar suka wajabta a kwafi sunan mutum kamar yadda yake a lasisin tuƙinsa mai aiki, ko da ba shi ne sunan da aka fi saninsa da shi ba.

A Ostareliya kuwa, inda da lamba ake rajistar kamfanoni, wani kamfanin ba da hayar injina ya ba kamfanin ƙarafa na OneSteel hayar injin fasa duwatsu wanda kuɗinsa ya haura dalar ƙasar miliyan 20. Wajen rajista sai aka shigar da lambar kasuwanci ta kamfanin mai alƙaluma 11 a maimakon lambarsa ta rajistar kamfani mai alƙaluma 9. Duk lambobin biyu na kamfanin ne. Duk da haka, bayan kamfanin ya durƙushe a 2016, kotu ta yanke a 2017 cewa rajistar ba ta inganta ba, mai injin ya rasa haƙƙinsa a kansa.

Wannan misali na biyu ya fi kusa da halin da muke ciki, domin a Nijeriya lambar BVN, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar wayar hannu, kowace alƙaluma 11 ce. Lambar asusun banki ce kaɗai take da alƙaluma 10. Mutumin da aka ce ya kawo lambarsa, yana iya miƙa wadda ba ita ake nema ba, ba tare da ya sani ba.

Inda kuskure ke fitowa a sunayenmu

Al'adar sanya suna a ƙasar Hausa tana da faɗi, takardun hukuma kuwa gurabe uku kacal suke bayarwa: sunan farko, na tsakiya da na mahaifi ko na dangi. Ga hanyoyin da aka fi samun saɓani:

1. Sunan yanka da laƙabi. Mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a takardar haihuwa, Garba ko Habu a gari, Bukar a wurin abokan kasuwancinsa. Haka Usman da Shehu, Ibrahim da Iro, Abdullahi da Audu, A'isha da Indo, Fatima da Binta, Hadiza da Dije, Hauwa da Kulu. Akwai kuma sunayen rana irin su Ɗanladi, Ɗanjuma, Ɗan'asabe, Talatu, Larai da Jummai, waɗanda sukan danne sunan yanka har a manta da shi.

2. Bambancin rubutu. Suna ɗaya ana rubuta shi Muhammad, Muhammadu, Mohammed ko Muhammed, wasu ma su taƙaita shi. Haka Yusuf da Yusufu, Sulaiman da Suleiman, Hadiza da Khadija. A wurin na'ura, kowane ɗaya suna ne dabam.

3. Haruffa masu lanƙwasa da alamar ɗauri. Na'urorin bankuna da dama ba su karɓar ɓ, ɗ da ƙ, wasu kuma ba su karɓar alamar da ke cikin Sa'idu ko Mu'azu. Saboda haka Ɗanlami yana iya fitowa a haɗe a wata takarda, a rabe a wata.

4. Sunan gari a matsayin sunan ƙarshe. Tun zamanin makarantun Turawa ake jingina mutum da garinsu, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Sai ka tarar mutum ya yi amfani da sunan garinsu a wata takarda, sunan mahaifinsa a wata.

5. Sauya jeri. A sa sunan mahaifi a gurbin sunan farko, ko a bar sunan tsakiya a wata takarda a rubuta shi a wata.

6. Sunan mace bayan aure. Wata takarda tana ɗauke da sunan mahaifinta, wata kuma da sunan mijinta.

7. Muƙamai da sarauta. Alhaji, Hajiya, Malam, Sarkin Noma, Wakili da makamantansu girmamawa ce, amma ba su cikin sunan da ake shigarwa, sai idan suna cikin katin shaida.

8. Takwarori. A gida ɗaya ana iya samun kaka da jika, ko 'ya'yan wa da ƙane, masu suna ɗaya da sunan mahaifi iri ɗaya. A nan ranar haihuwa da hoto ne suke rarrabewa.

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: sunan da ke jikin BVN da katin ɗan ƙasa shi ne za a kwafa harafi bayan harafi, ko da mutumin bai saba jin an kira shi da shi ba. Idan waɗannan biyu suka saɓa wa juna, sai a gyara su kafin a nemi rance. Tun a watan Disamba na 2023 Babban Banki ya umarci bankuna su haɗa asusun jama'a da BVN ko NIN ko duka biyun, gwargwadon matakin asusun, don haka daidaita su ya zama dole ko da ba don rance ba.

Mai cin bashi da mai kaya

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne rubuta wanda ya karɓi kuɗi a gurbin wanda ya mallaki kayan. Dokar ta bambanta su. Idan ɗa ya karɓi rance amma shanun huɗar da aka jinginar na mahaifinsa ne, to mahaifin ne mai jingina, shi ne zai amince, kuma lambarsa ce za a shigar. Haka idan miji ya karɓi rance a kan injin markaɗen matarsa, ko mace ta karɓa a kan babur ɗin mijinta. Idan mutum biyu ko uku suka yi tarayya a kan tarakta ɗaya, sai a shigar da kowannensu da lambarsa. Kayan gado da ba a raba ba kuwa, bai kamata magaji ɗaya ya jinginar da su da sunansa shi kaɗai ba.

Haka nan, wanda bai da BVN kada ya ari ta ɗan'uwansa ko ta maƙwabcinsa domin a hanzarta masa. Yin haka yana ɗora wa mai lambar jinginar da bai san da ita ba, yana kuma barin kayan gaskiya ba rajista. Shigar da bayanin ƙarya a rajistar da gangan laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci. Yin rajistar BVN a banki ya fi wannan kasada sauƙi.

Ƙungiyoyi da kamfanoni

Ƙungiyar gama kai mai rajista tana da takardar shaida daga ofishin Daraktan Ƙungiyoyin Gama Kai, mai ɗauke da cikakken suna da lamba. Wannan suna da wannan lamba su ne za a shigar, ba sunan da aka saba kiran ƙungiyar da shi a gari ba, ba kuma lambar shugabanta ko ta ma'ajinta ba. Sau da yawa sunan da ke takardar da Turanci yake. Kada a fassara shi, kada a taƙaita shi. Ƙungiyar da ba ta yi rajista ba ba ta da matsayin mutum a doka, saboda haka membobin da suka mallaki kayan su ne za a rubuta.

Kamfani mai rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, yana da lamba mai farawa da RC. Sunan kasuwanci kuwa, wanda lambarsa ke farawa da BN, bai raba mai shi da kasuwancinsa ba a idon doka, don haka wajibi ne jami'in banki ya tantance a hannun wa mallakar kayan take kafin ya cike gurbin mai jingina. Sunan da aka rubuta a allon shago ba hujja ba ne. Bugu da ƙari, dokar kamfanoni ta shekarar 2020 ta tanadi cewa jinginar da kamfani ya yi a kan kadarorinsa, daga cikin nau'o'in da dokar ta lissafa, a kai ta rajista a CAC cikin kwana 90, in ba haka ba ba za ta yi ƙarfi a kan sauran masu bin kamfanin bashi ba idan ya rushe.

Lambar jikin kaya

Mota, babur, keke mai ƙafa uku, tarakta da injina da dama suna da lambar da masana'anta ta buga a jikinsu. A kwafi wannan lamba daga jikin ƙarfen kai tsaye, sannan a gwada ta da wadda ke cikin rasiɗi da takardun abin hawa. Lambar shasi dabam, lambar inji dabam, lambar da ke maƙale gaba da baya kuma dabam, wannan ta ƙarshe ma tana iya sauyawa. Lambar shasin motocin zamani tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I, O da Q a cikinta. Duk wanda ya ga kamar su, to 1 ne ko 0. Dabbobi da hatsi, tunda ba su da lambar masana'anta, sai a bayyana su dalla-dalla: iri, adadi, alamar jiki da wurin da suke.

Matakan da mai neman rance zai bi

1. Ya tattara katin ɗan ƙasa ko takardar NIN, da bayanin BVN, da katin zaɓe, da rasiɗin kayan, ya duba ko suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a cikinsu.

2. Ya tabbatar da lambarsa ta BVN. Ana iya ganin ta ta hanyar danna *565*0# a layin wayar da aka yi rajista da shi, ana cire ɗan kuɗi kaɗan. Kada ya faɗe ta da ka.

3. Idan akwai saɓani, ya je bankinsa domin gyaran BVN, ko Hukumar Katin Ɗan Ƙasa domin gyaran NIN. Galibi akan nemi takardar rantsuwa daga kotu, da shaidar aure idan aure ne dalili, wani lokaci da sanarwa a jarida. Gyara yana ɗaukar lokaci, don haka mai neman rancen damina ya fara tun da rani.

4. Kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a karanta masa takardar, a fassara masa da harshen da yake ji. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da wanda ya amince da shi.

5. Bayan rajista, ya nemi kwafin takardar tabbaci, ya sa a gwada alƙaluma 11 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya adana ta.

6. Ya tuna cewa lambar BVN kawai ake buƙata. Babu jami'in da ke da ikon tambayar lambar sirri ta katin cirar kuɗi, ko lambar da ake turowa ta waya.

Abin da ake buƙata daga jami'in banki

Jami'i ya ga asalin katin shaida da idonsa, kada ya dogara da hoton da ya dushe ko sunan da aka faɗa masa a waya. Ya tantance lambar ta hanyar da bankinsa yake da ita, ya ga cewa suna da hoto da ranar haihuwa sun dace da wanda ke gabansa. Ya yi bincike a rajistar kafin a ba da kuɗi domin ya san ko an riga an jinginar da kayan. Bayan ya shigar da sanarwa, ya sake yin bincike da lambar da ke jikin takardar asali. Idan rajistar ba ta fito ba, to akwai kuskure, a gyara shi a ranar. Ya fi kyau wanda ya shigar da bayani dabam, wanda ya duba dabam, musamman a lokacin da ake cike takardun manoma da yawa a tare, domin a irin wannan lokaci ne ake juya alƙaluma, a rubuta 47 a gurbin 74, ko a zame layi a ba wani lambar na ƙasa da shi.

Rawar shugabanni da jami'an ƙananan hukumomi

Takardu da yawa da bankuna ke karɓa daga hannun shugabannin al'umma suke fitowa: takardar shaidar zama ɗan gari, wasiƙar gabatarwa daga dagaci ko mai unguwa, jerin sunayen membobin ƙungiya, da jerin manoman da malaman gona ke tattarawa. Ana kira ga masu ba da waɗannan takardu da su nemi katin shaida kafin su rubuta suna, su rubuta shi kamar yadda yake a katin. Idan ana so a nuna laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, a ƙara shi a wani layi dabam tare da bayanin cewa mutum ɗaya ne. Kada a ba da shaida a kan mallakar dabba ko inji sai an tabbatar.

Har ila yau, a ƙarfafa wa iyaye gwiwa su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su kuma riƙe rubutu ɗaya na sunan yaro daga makarantar firamare har zuwa katin ɗan ƙasa. Mafi yawan saɓanin da ake wahalar gyarawa a girma, tun daga rajistar aji ɗaya ya faro.

Idan an riga an yi kuskure

Dokar ta ba da damar shigar da takardar gyara, kuma mai ba da rance ne yake shigar da ita. Wanda ya ga kuskure ya sanar da banki a rubuce, ya riƙe kwafin wasiƙar. A gaggauta, domin duk wanda ya yi rajista daidai a kan kayan kafin a gyara, yana iya shan gaba. Wanda ya tarar an jingina masa bashin da bai ci ba, shi ma ya rubuta wa bankin da ya shigar da sanarwar ya nemi a cire shi. Idan banki bai saurara ba, ana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

Ya kamata jama'a su fahimci cewa kuskuren rajista ba ya yafe bashi. Wanda ya ci bashi yana nan da nauyin biya, ko rajista ta inganta ko ba ta inganta ba. Abin da ke faruwa shi ne banki ya rasa fifikonsa, bankin da ya yi asara a wani yanki kuwa yakan ɗaure hannunsa ga sauran mutanen yankin. Haka kuma mai sayen babur ko inji na hannu yana iya faɗawa cikin rigimar da bai san mafarinta ba. Saboda haka yana da kyau ya sa a bincika lambar jikin kayan a rajistar kafin ya biya kuɗi.

Bayan an gama biyan bashi, mai jingina ya nemi banki a rubuce ya shigar da takardar soke jingina, ya kuma karɓi shaidar cewa an soke. Idan ba a yi haka ba, kayansa za su ci gaba da fitowa a matsayin jinginannu har wa'adin rajistar ya cika, wannan kuwa yana iya hana shi sabon rance ko hana shi sayar da kayan.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Duba alƙaluma 11 da gwada suna a takardu uku ko huɗu ba ya cin rabin sa'a, amma gyaran kuskure bayan an ba da kuɗi yana iya cin watanni, wani lokaci ya kai ga kotu. Ana shawartar duk mai niyyar neman rance da ya daidaita takardunsa tun kafin lokacin buƙata, shugabanni kuma su isar da wannan bayani ga jama'arsu a tarukan ƙungiyoyi, da ranakun kasuwa, da zaman majalisar hakimi. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi reshen bankinsa mafi kusa, ko jami'in ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukumarsa.